Kafin a ƙara ƙarfin wutar gida, a duba inda tukunyar gaz take

Duk shekara idan Maris ya kama, zafi ya fara cizo a Yamai, masu gyaran wuta ba sa samun zama. Ma'aikaci ya tara ƴan kuɗinsa ya sayo kilim. Uwargida ta ɗauki adashe ta sayo firigo don sayar da ƙanƙara da lemun tsamiya. Kwana biyu sai dizonter, wato makatsin da ke kusa da kwanter, ya fara faɗuwa da kansa, musamman da rana tsaka ko bayan isha'i. Daga nan sai shawara ta zo daga kowane ɓangare: je ka nemi ƙarin ƙarfi, a canza maka allon wuta, a sa babban dizonter. Shawarar ba ta da laifi. Amma akwai tambayar da ban cika jin ana yi ba, kuma a ganina ita ya kamata ta zo gaban dukkan sauran: ina tukunyar gaz ɗin gidan take zaune?

Ra'ayina a taƙaice shi ne, ranar da za a taɓa allon wutar gida, ranar ce ya kamata a raba wutar lantarki da tukunyar gaz. Kuma bai kamata a bar wannan ga ganin damar mai gida kaɗai ba.

Abin da ya sa muka tsinci kanmu a haka ba boyayye ba ne. Yawancin gidajen Bukoki, Talaje, Gamkalle da Yantala an gina su ne lokacin da girki na itace da gawayi ne a tsakar gida, lantarki kuwa ƙwai biyu ne ko uku da fanka da rediyo. Sai ga matatar man SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a watan Nuwamba na 2011, gaz ɗin girki ya zama na gida. A 2012 gwamnati ta tsayar da kuɗin cika tukunya mai kilo 6 a sefa 1,800, wato jika biyu ba dala arba'in, mai kilo 12 da rabi kuma a sefa 3,750. Wannan alheri ne babba. Ya rage wa mata shaƙar hayaƙi, ya rage wa dajinmu sara, kuma ni ina cikin masu cewa a ƙara yaɗa shi har ƙauyuka. Sai dai gaz ya shigo gidajen da ba a tanadar masa wuri ba. A daidai waɗannan shekarun ne kuma kayan lantarki suka yi araha, firigo da kilim da dutsen guga da butar dafa ruwa suka cika gidaje. Baƙi biyu ne suka sauka kusan lokaci ɗaya, kowa ta ƙofarsa, mai masauki bai shirya wa ko ɗaya ɗaki ba, sai ya haɗa su a lungu guda.

Wane lungu? Kowa ya san shi. Baranda ce, ko ɗan soron shiga gida, ko wani kwana tsakanin ɗaki da madafa. A nan aka kafa kwanter tun farko saboda ya fi kusa da titi. A nan aka ajiye firigo saboda a nan ne wurin jona wuta mafi kusa. A nan kuma tukunyar gaz take kwana, saboda barin ta a tsakar gida kyauta ce ga ɓarawo, tunda tukunya ko babu komai a cikinta kuɗi ce. Babu wanda ya zauna ya tsara haka. Kowane mataki da dalilinsa, amma da aka haɗa su sai suka zama tarko.

Ina koyar da kimiyya ga ɗaliban da gobe za su zama malaman firamare, don haka a yi mini haƙuri in ɗan yi lissafi irin na aji. Gaz ɗin girki ya fi iska nauyi, kusan ninki biyu. Idan ya tsiyaya ba ya tashi sama ya fita ta taga kamar hayaƙi. Ƙasa yake bi kamar ruwa, ya kwanta a ƙarƙashin tebur, bayan firigo, bakin ƙofa. Kilo ɗaya idan ya fita daga tukunya yana zama kusan lita 400 na iska mai kamawa. Kuma ba sai ya cika ɗaki ba: idan ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, ya isa ya kama. Ɗaki mai tsawon mita 3, faɗin mita 3, tsayin mita 3 yana ɗauke da lita 27,000 na iska. Kashi 2 cikin 100 na wannan lita 540 ne, wato bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Ke nan rubu'in ƙaramar tukunya ya wadatar. Tunda kuma a ƙasa yake taruwa, abin da bai kai haka ba ma yana iya kamawa a daidai inda yaro ke kwance kan tabarma.

Abin da ya rage shi ne tartsatsi, kuma ba sai an ƙyasta ashana ba. Duk lokacin da aka kunna makunni ko aka kashe, ɗan tartsatsi na fita a cikinsa, ko ido bai gani ba. Duk lokacin da dizonter ya faɗi ko aka ɗaga shi, haka. Wayar da ba a ɗaure da kyau ba tana yi. Injin firigo, wanda ke can ƙasa ta baya, daidai inda gaz ke kwanciya, yana tashi yana tsayawa da kansa dare da rana.

Mu kuma a Yamai muna da wani ƙarin dalili. Wutarmu ba ta zama. Kaso mai yawa nata daga Najeriya yake zuwa ta layin Birnin Kebbi, kuma duk mun tuna yadda aka yanke shi a watan Agusta na 2023, bai dawo ba sai a Maris na 2024. Akwai tashar Gorou Banda da aka buɗe a 2017, akwai ta Goudel, akwai ta hasken rana, amma idan Afrilu da Mayu suka zo, zafi ya haura digiri 40, buƙata takan fi abin da ake da shi. A ɗauke, a kawo, a sake ɗaukewa. Kowace dawowar wuta tana tayar da duk abin da aka bari a kunne a lokaci guda, sau da yawa cikin dare, mutanen gida suna barci a waje saboda zafi, ƙofar ɗakin da tukunya take a rufe. Idan tiyo ya tsage tun magariba, babu hancin da ke kusa da zai ji warin.

Na ga yadda abin ke faruwa a gidana bara, da muka nemi ƙarin ƙarfi. Mai gyaran da aka kawo mini ya auna bango ya nuna wurin da zai kafa sabon allo, a baranda, tsayin kafaɗa, daidai saman inda tukunyarmu take. Dalilinsa na sana'a ne: nan ne waya za ta fi gajarta, kuɗin aiki ya ragu. Uwargida tana tsaye bakin madafa ta ce, "Malam, to gaz ɗin fa? Nan nake girkin dare in ana iska." Mai gyaran ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai ni wuta aka kira ni in gyara, gaz ba aikina ba ne." Ya faɗi gaskiya, kuma gaskiyar tasa ita ce matsalar. Mai wuta bai ɗauki gaz aikinsa ba. Mai sayar da gaz a bakin titi bai taɓa ganin cikin gidanka ba. Magini ya gama ya tafi tun shekaru. Mutum ɗaya ce ta san inda abubuwan biyu suke haɗuwa, ita ce mai girki, kuma ita ce ba a cika tambaya ba. Mun ƙara kuɗin waya aka kai allon ɗaya bangon, tukunya kuma aka yi mata keji a bayan madafa.

A ƙasashen da gaz ke zuwa gida ta bututu, kamar Ingila da Faransa da Amurka, wannan magana ce da aka daɗe da rubutawa a ƙa'idar aiki. A can gaz ma yana da nasa kwanter a jikin bango. A Ingila ƙa'ida ta ce bututun gaz ya nisanci kwanter ɗin lantarki da allon wuta da aƙalla santimita 15. A Amurka kamfanoni da yawa suna neman tazarar ƙafa 3, kusan mita ɗaya, tsakanin kwanter ɗin gaz da kayan lantarki. Mutum zai so canza allon wutarsa, a ce masa sai ya fara kiran kamfanin gaz ya matsar da nasa kwanter, ya biya, ya jira, a tona ƙasa. Suna gunaguni, amma suna yi. A Faransa kuma tun 1972 ba a jona wa sabon gida wuta sai hukumar Consuel ta ba da takardar shaidar cewa wayoyin cikinsa sun dace.

Mu namu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Gaz ɗinmu ba a binne yake ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyar zai iya ɗaukar tukunyar ya kai ta wani wuri. Abin da Bature ke kashe dukiya da makonni a kansa, mu aikin yini ɗaya ne da kuɗin maƙeri. Shi ya sa rashin yin sa ya fi ciwo.

A nan sai a yi hattara da abu guda. Idan wurin ya matse, wasu sukan ce to a matsar da kwanter ɗin. Kwanter ba naka ba ne ko da a bangonka yake. Na NIGELEC ne, da hatiminsa a jiki, kuma wayar da ke shigowa cikinsa daga turke tana da wuta ko ka kashe dizonter. Mai gyaran unguwa da ya ce zai matsar maka da shi da daddare don ya rage maka wahalar layi, ya jefa ka cikin haɗari biyu: na rai, da na tara idan aka ga an taɓa hatimi. Idan lalle sai kwanter ya tashi, ka rubuta buƙata a ofishin kamfanin na unguwarku, su zo su yi da kansu. Amma a gida tara cikin goma da na shiga, in ana zancen abin da ido ya gani, tukunyar ce ta fi sauƙin tashi, ba kwanter ba.

Ina za ta koma? Wuri mai inuwa, mai shan iska ta ƙasa, a waje da ɗakin kwana, a tsaye ba a kwance ba. Kada a bar ta cikin rana, don zafi yana ƙara matsin da ke cikinta. Kada a ajiye ta bakin magudana ko ramin wanka, don gaz zai gangara ciki ya taru. Maganin ɓarawo kuwa keji ne na ƙarfe mai ƙofa da kwaɗo, a jingine da bangon madafa ta waje, da ɗan rufi a sama. Maƙeran Katako da na kowace unguwa suna iya ƙera shi. Tiyo ya ratsa bango ta cikin ɗan bututu don kada siminti ya ci shi. Tiyon ya zama na gaz, ba na ban ruwa ba, kuma a duba shekarar da aka buga a jikinsa, don roba tana tsufa, a zafinmu kuwa tana saurin tsagewa. Gwajin tsiyaya da ruwan sabulu ake yi: a shafa a mahaɗa, in ya yi kumfa akwai matsala. Wanda ke gwadawa da ashana, Allah ne kawai ke kiyaye shi. Masu ƙaramar tukunya mai murhu a kai, wadda dole sai an kawo ta inda ake girki, su zaɓi wurin girkin nesa da allo da firigo, in an gama a rufe kanta da kyau a mai da ita kejinta.

Na san abin da za a ce mini, don ɗalibaina sun riga sun faɗa. Da yawansu a ɗaki ɗaya suke haya, su biyu ko uku, katifa da littattafai da tukunya da wayar ƙari duk wuri guda. Ɗaya ya ce, "Mushe, wanda ke da ɗaki ɗaya ina zai kai tukunya?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba ni da amsar da za ta share ta gaba ɗaya. Amma ita ce ma ta sa na ce nauyin ba na ɗan haya ba ne. Mai gidan hayar da ya jera ɗakuna takwas a fili ɗaya, yana karɓar kuɗi duk wata, gina ƙananan kejuna takwas a jikin katanga ba zai karya shi ba. Gidansa ne zai ƙone in abin ya faru. Kuma idan ya je neman ƙarin ƙarfi don ƴan hayarsa sun ƙaru, a lokacin ne hukuma ke da damar ce masa: nuna mana inda suke ajiye gaz.

Wasu kuma za su ce ƙarin sharaɗi ƙarin jinkiri ne, ƙarin jinkiri kuma shi ke tura mutane wajen masu aikin dare. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ba na neman a ƙirƙiro sabon ofishi ko sabuwar takarda mai kuɗi. Ma'aikacin da zai zo canza kwanter ko daidaita dizonter ai yana zuwa gidan dama. Abin da nake nema ya ɗaga ido ya duba, ya yi tambaya ɗaya, in ya ga tukunya ƙarƙashin allo ya ce a ɗauke kafin ya ɗaura. Minti biyar ne. Ko da an duba wayoyin gida ranar da aka fara jona masa wuta, gida ba ya tsayawa yadda aka gan shi. Ana ƙara ɗaki, ana mai da baranda madafa, ana aurar da ɗa a ba shi sashe. Ranar neman ƙarin ƙarfi ita ce ranar da ido na waje ke sake shiga gidan, wataƙila karo na farko cikin shekara ashirin. Asara ce a bar ta ta wuce.

Akwai kuma masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda komai da ƙaddara. Amma mai faɗin haka shi ne ke kulle ƙofarsa da dare, shi ne ke ɗaure babur ɗinsa da sarƙa. Mutanen Yamai sun san gobara. Manyanmu suna ba da labarin yadda Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, aka yi shekaru kafin a sake buɗe ta a 1987. Mu kuma da idonmu muka ga tokar Ƙaramar Kasuwa a 2012. Waɗannan kasuwanni ne, duniya ta ji labarinsu. Gobarar gida ba ta kai rediyo sai in ta ci rai, amma ga wanda ta faɗa wa ita ce babba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Tunda ana zancen allo, bari in ƙara abu ɗaya da ke tafiya tare da wannan. Ƙara ƙarfin kwanter ba ya ƙara kaurin wayar da ke cikin bango. Wutarmu volt 220 ce. Gidan da ke da amfiya 15 zai ɗauki kusan wat 3,300. Kilim ɗaya na cin wajen 1,000 ko fiye, dutsen guga haka, butar dafa ruwa takan kai 2,000. Ka ga abin da ke kayar da dizonter. Faɗuwar tasa ba lalacewa ba ce, aikinsa ke nan, yana cewa kaya sun yi yawa. Idan aka sa babba aka bar siririyar wayar da aka ja don ƙwan fitila, dizonter zai daina faɗuwa, wayar ce za ta riƙa zafi a ɓoye har robarta ta narke. Waya mai kaurin milimita murabba'i 1.5 ta fitilu ce, wuraren jona kaya suna son 2.5, kilim kuma ya samu layinsa shi kaɗai daga allo. A sa wayar ƙasa, a sa makatsi mai kare mutum daga jan wuta, irin mai miliamfiya 30. Kasuwa cike take da waya mai araha wadda jan ƙarfenta bai kai abin da aka rubuta ba. Araha ba ta ado, a nan kuwa tana iya kisa. Wayar da ke narkewa a bango da tukunyar da ke tsiyaya a ƙasa, in suka haɗu a lungu ɗaya, ba sai an jira wani abu na uku ba.

Don haka kirana ga ɓangarori huɗu ne. NIGELEC ta sa tambayar gaz cikin abin da ma'aikatanta ke dubawa duk lokacin da za a ƙara wa gida ƙarfi ko a canza masa kwanter. Hukumar ARSE, wadda aka kafa a 2015 don sa ido kan harkar makamashi, tana kallon lantarki da gaz duka biyu, ita ce ta fi dacewa ta fitar da ƙa'ida ɗaya gajeruwa kan tazara, a karanta ta a rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu. Kamfanonin da ke cika tukwane su liƙa hoto a jikin kowace tukunya, wanda ko wanda bai yi lakwal ba zai gane. Mu kuma malamai mu shigar da wannan cikin darasin kimiyya tun daga firamare. Yaron da ya san gaz ƙasa yake bi, ya san ba a taɓa makunni idan an ji wari, ko don kunnawa ko don kashewa, ya san a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofofi, a fita waje kafin a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, wannan yaron ya fi wani babban amfani a gida.

Kai kuma mai gida da ke shirin kiran mai gyara kafin zafin bana, ba sai ka jira ko ɗaya daga cikinsu ba. Kafin a fasa bango, kira uwargida ta tsaya a wurin. Ta nuna inda take girki da rani, da inda take komawa da damina ko in iska ta taso, da inda tukunya ke kwana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A kan amsarta za a zaɓi bangon da allo zai hau, ko da wayar za ta ƙara mita biyar. Kuɗin mita biyar na waya da kejin ƙarfe bai kai na kilim ɗin da ka saya ba, balle abin da ke kwance a ɗakin.

Allah ya tsare mu da iyalanmu daga gobara, ya ba mu sanyin damina lafiya.